Tishun Tsirrai da Ƙwayoyin Halittarsu: Tambayoyi da Amsoshi

Ɗalibai da dama da ke shirin WAEC ko NECO sukan haddace sunayen tishun tsirrai kamar karatun aku, su zuba a takardar jarrabawa, bayan mako guda komai ya bi iska. Ni kuwa a ganina wahalar banza ce. Duk wanda ya taɓa shan rake, ko ya ɓare rama, ko ya yi motar kara yana yaro, ya riga ya taɓa waɗannan abubuwa da hannunsa, sunan ne kawai bai sani ba. An rubuta sunayen a nan yadda bakin Bahaushe ke furta su.

Mene ne tishu, kuma me ya raba shi da ƙwayar halitta?

Ƙwayar halitta, wadda ake kira sel, ita ce tubali. Tishu kuwa tarin ƙwayoyi ne da suka haɗu suna aiki ɗaya, kamar yadda tubala ke haɗuwa su zama katanga. Tishu iri-iri su ne ke haɗuwa su ba da ganye, saiwa, kara ko fure.

Robert Hooke na Ingila ne ya raɗa sunan sel a 1665, bayan ya duba siririn yankin ɓawon wata bishiya a madubin ƙara girma ya ga ƙananan ɗakuna a jere. Abin da ya gani bangaye ne kawai, domin ƙwayoyin sun daɗe da mutuwa. Wani likita ɗan ƙasarsu, Nehemiah Grew, wanda ya fitar da babban aikinsa a kan ginin jikin tsirrai a 1682, ya kamanta cikin tsiro da saƙa. Kalmar tishu ma asalinta daga Faransanci ne, ma'anarta abin da aka saƙa. Shi ya sa ba na son fassarar da wasu ke yi da "nama". Saƙa ta fi kusa.

Ƙwayar tsiro tana da bango na wani sinadari mai suna selulos, abin da ta dabba ba ta da shi. Kusan duk bambancin da za a ambata a ƙasa yana komawa ga tambayoyi biyu: yaya kaurin bangon yake, kuma ƙwayar da ke ciki tana raye ko ta mutu?

Kashi nawa tishun tsiro ya kasu?

Ya danganta da ma'aunin da aka ɗauka. In haihuwa aka duba, kashi biyu ne: wanda ƙwayoyinsa ke ci gaba da rabuwa suna haifar sababbi, shi ne meristam, da wanda ya girma ya kama sana'a ɗaya ya zauna a kanta. In wurin zama aka duba, kashi uku ne, kamar yadda Bajamushe Julius von Sachs ya tsara a ƙarni na 19: tishun fata, tishun jijiyoyi, da tishun ciko da ke tsakaninsu. Littattafan makaranta sukan ƙara rabon sassauƙa da haɗaɗɗe. Sassauƙa shi ne mai ƙwaya iri ɗaya, haɗaɗɗe mai iri da yawa.

Ina meristam yake, kuma me ya sa manomi zai damu da shi?

Carl Nägeli, ɗan ƙasar Suwizalan, shi ya ƙirƙiri sunan a 1858 daga kalmar Girkanci mai nufin rabawa. Ƙwayoyin meristam ƙanana ne, bangonsu siriri, cike suke da rai, ba su da aiki sai rabuwa. Wuri uku ake samun su.

Na farko a tsinin toho da tsinin saiwa, shi ke ƙara wa tsiro tsawo. Muddin kan tsiro na nan, yana aika wani sinadari mai suna oksin ƙasa, wanda ke danne idanun da ke gefen kara. Mai lambun da ke sare kan zogale don ya yi rassa ya cika da ganye ya san wannan ilimin, ko da bai taɓa jin sunan oksin ba.

Na biyu a gefe, zobe ne siriri tsakanin ɓawo da katako, sunansa kambiyam. Shi ke sa bishiya kauri. In ka ɓare ɗanyen reshe da damina ka ji wani santsi mai laima a jikin katakon, to nan ne wurinsa. Akwai kuma wani kambiyam na biyu can waje, mai haifar da busasshen ɓawo.

Na uku shi ne ya fi burge ni: wanda ke zaune a gindin ganye da saman kowace gaɓa a dangin ciyawa, wato gero, dawa, masara, shinkafa da rake. Tun da wurin tsirowar yana ƙasa, saniya za ta cinye saman ciyawa, bayan kwana kaɗan ta sake tasowa. Da a ce ciyawa daga tsininta kaɗai take tsiro, da kiwo bai yiwu yadda muka san shi ba.

Wani amfanin kuma na ɗakin bincike ne. Ƙwayoyin cutar bairas ba su cika kaiwa can ƙarshen tsinin toho ba, don haka masana kan yanko ɗan mitsitsin wurin su rene shi a kwalba har ya zama cikakken tsiro mai lafiya. Cibiyar IITA ta Ibadan, wadda aka kafa a 1967, tana amfani da wannan dabara wajen tsabtace irin rogo, doya da ayaba.

Farenkima, kolenkima, sikilarenkima: yaya zan daina rikita su?

Ka bar sunan tukuna, ka riƙe abin.

Farenkima ita ce abin da muke ci. Ƙwayoyinta rayayyu ne, bangonsu siriri, akwai 'yan sarari a tsakaninsu. Farin naman dankali, rogo da doya ita ce, cike da sitaci. Zaƙin rake a cikinta yake. Totuwar karan dawa, wadda yara ke sassaƙa tayar mota da ita, farenkima ce da ta bushe. Koren cikin ganye, inda ake haɗa abinci da hasken rana, ita ce dai, sai dai a nan ana ce mata kulorenkima. Kututturen kuka ma ya cika da ita, shi ya sa yake riƙe ruwa kuma katakonsa ba ya aikin kafinta. Ita ce kuma ke komawa rabuwa ta rufe ciwo in an sari tsiro.

Kolenkima ita ma rayayyiya ce, amma bangonta ya yi kauri a wasu wurare, musamman kusurwa, ya bar wasu. Tushen sunan kalmar Girkanci ce ta gam. Aikinta tallafar sashen da bai gama girma ba, ta riƙe shi ba tare da ta hana shi miƙewa ba. Tana ƙarƙashin fata, a gefunan karan kabewa da hannun ganye. Iska ta kaɗa, su lanƙwashe, su dawo.

Sikilarenkima ita ce mai taurin kai. Bangonta mai kauri ne ko'ina, an ɗure shi da wani sinadari mai suna lignin, kuma galibi ƙwayar takan mutu da ta gama ginin. Iri biyu ce. Akwai dogaye sirara, su ne zare. Akwai gajeru masu kama da tsakuwa, su ne sikilarid, waɗanda ke ba ƙoƙon kwakwa da ƙwallon goruba taurinsu, kuma su ne ɗan yashi-yashin da kake ji a haƙori in kana cin gwaiba. Kuɓewar da aka bari ta kwana biyu a jikin uwarta har wuƙa ta ƙi shiga, lignin ne ya kama ta.

Zaren auduga da zaren rama abu ɗaya ne?

A kasuwa duka zare ne, a ilimin tsirrai ko kusa. Kowane silin auduga ƙwaya ɗaya ce tilo ta fatar gurya, wadda ta miƙe har ta kai santimita biyu zuwa uku ko fiye. Gashi ne, ba sikilarenkima ba, kuma kusan tsantsar selulos ne. Audugar rimi da ake cusa wa matashi ita ma gashi ce, amma daga bangon cikin ɗan take fitowa.

Zaren rama kuwa damin ƙwayoyin sikilarenkima ne da ke cikin ɓawo, a jikin fulowem, tishun da ke rarraba abinci. Jiƙa ramar da ake yi a kududdufi dalilinsa shi ne ƙananan halittu su cinye sassa masu laushi da gam ɗin da ya manna su, zaren ya rage. Lalo da muke miya da shi, irinsa ne ake nomawa a Indiya da Bangaladash don zaren buhu. Sosan wanka kuwa jijiyoyin ɗan tsiron ne da zarensu, bayan naman ya ruɓe ya zube.

Mene ne bambancin zailem da fulowem?

Nägeli ɗin nan ne ya raɗa musu suna su ma. Zailem daga kalmar Girkanci ta katako, fulowem daga ta ɓawo, kuma sunayen sun faɗi inda kowanne yake a jikin bishiya.

Zailem ke ɗaukar ruwa da gishirin ƙasa daga saiwa zuwa ganye, hanya ɗaya, sama. Bututunsa gawawwakin ƙwayoyi ne. Akwai tirakid, sirara masu tsini a kai da ƙasa, ruwa na ratsawa ta ƙananan ramuka a bangonsu. Akwai kuma ƙwayoyin besel, gajeru masu faɗi, da aka ɗora wata kan wata aka huda tsakaninsu suka zama dogon bututu. Katako gaba ɗayansa zailem ne da kambiyam ya tara shekara da shekaru. Na wajen ne ke aiki. Na tsakiya ya daina ɗaukar ruwa, an cika shi da sinadarai, ya yi duhu ya yi nauyi. Irin wannan ne a ƙirya ake nema don turmi, taɓarya da gawayin maƙera. Wannan ne kuma dalilin da bishiya mai kogo ke ci gaba da fid da ganye: abin da ya ruɓe ya daɗe da yin ritaya.

Fulowem ke rarraba sukarin da ganye ya haɗa, zuwa saiwa, 'ya'ya, toho, duk inda ake bukata, sama ko ƙasa. Bututunsa ana kiran su bututun rariya, saboda bangon da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya huje yake kamar rariya. Theodor Hartig, masanin gandun daji a Jamus, shi ya fara bayyana su a 1837. Abin mamaki, ƙwayoyin rayayyu ne amma sun zubar da cibiyarsu, wato nukiliyas, don hanya ta buɗe. Kowace tana da abokiyar zama manne a gefenta, mai cikakkiyar cibiya, wadda ke ɗawainiya da ita. Uwa ɗaya ce ta rabu ta haife su biyun.

Bishiya ba ta da zuciya ko famfo. Me ke tura ruwa sama?

Ba tura shi ake yi ba, jan sa ake. Ruwa na ficewa daga ganye a matsayin tururi, kuma ƙwayoyin ruwa suna riƙe da juna kamar igiya, don haka wanda ya fita sai ya janyo na bayansa, har zuwa saiwa. Henry Dixon da John Joly na Dablin suka kawo wannan bayani a 1894. Ƙarfin jan yana da yawa har bututu mai laushi zai lotse, shi ya sa bangon zailem ke da lignin. Da wannan jan ne wasu bishiyoyi a Kalifoniya ke kai ruwa sama da mita 110. Fiye da kashi 95 cikin 100 na ruwan da tsiro ya sha ta ganye yake ficewa.

A fulowem kuwa turi ne. Bayanin Ernst Münch na 1930 shi ne: inda aka loda sukari ruwa na shiga, matsi ya ƙaru, ya tura ruwan zaƙin zuwa inda ake sauke shi.

Me ya sa bishiya ke mutuwa in an saɓe ɓawonta zagaye?

Domin fulowem da kambiyam suna tafiya tare da ɓawon. Ruwa zai ci gaba da hawa ta katako, ganye ya zauna kore makonni ko watanni, mutum ya ɗauka ba a yi komai ba. Amma abinci ya daina sauka, saiwa na cin ajiyarta har ta ƙare, sannan bishiyar ta bushe a tsaye. Masu sassaƙen magani da ke zagaye maɗaci da gatari, wannan suke jawowa. In ɗiba ya zama dole, a ɗebi gefe ɗaya a tsaye a bar sauran.

Kuka ce ta fita zakka. Ana saɓe ta zagaye don igiya, ta sake sabon ɓawo daga rayayyun ƙwayoyin da ke jikin katakonta. Kada a ga haka a gwada a kan mangwaro.

Ana yi wa mangwaro da lemo aure. Me ya hana a yi wa dabino?

Aure ba ya kamawa sai kambiyam na reshen da aka kawo ya haɗu da na gindin, su haifi sababbin jijiyoyi da za su haɗe su. Shi ya sa gwanin aure ke daidaita ɓawo da ɓawo kafin ya ɗaure da leda. Dabino, giginya, goruba da kwakwa suna cikin tsirran da irinsu ke tsirowa da ganye guda ɗaya, kamar dawa, kuma ba su da wannan zoben. Jijiyoyinsu a warwatse suke cikin farenkima. Ka karya karan masara ka duba ɗigo-ɗigon da ke ciki, su ne. Don haka mai son irin dabino na ƙwarai sai ya cire 'ya'yan da ke fitowa a gindin uwar ya dasa.

A giginya jijiyoyin da zarensu sun fi cunkushewa a gefe, tsakiyar kuwa laushi gare ta. Masu fasa azara gefen suke nema, shi ne gara ke shakka. Kuma kan dabino ɗaya ne: in aka sare shi, wannan kututturen ya gama.

Me ke cikin fatar tsiro?

Efidamis, galibi layi ɗaya na ƙwayoyi manne da juna ba sarari, an shafe su da wani kakin da ke hana ruwa fita. A cikinta akwai ƙananan ƙofofi, sitomata, kowace da masu gadi biyu. In sun sha ruwa sun kumbura ƙofa ta buɗe, in sun saki ta rufe. A wake da tumatir siffarsu kamar ƙoda ce. A dangin ciyawa kuwa kamar taɓarya suke, kauri a kai biyu, siriri a tsaka. Ganyen masara da ke naɗewa da tsakar rana in ƙasa ta bushe, wasu manyan ƙwayoyin fata ne a samansa ke sakin ruwa, ganyen ya nannaɗe ya rage asara.

Gashin da ke sa ƙaiƙayi a gonar kuɓewa daga fata yake. Haka gashin saiwa, kowanne miƙewar ƙwaya ɗaya ce, kuma su ne ke shan mafi yawan ruwa. Suna tsinkewa in an tuge tsiro, shi ya sa dashen tumatir ke yin yaushi kwana biyu, kuma shi ya sa aka fi yin dashe da yamma.

Yaya shinkafa ke rayuwa a cikin ruwa, masara kuwa ta mutu?

Shinkafa na da erenkima, farenkima mai manyan hanyoyin iska daga ganye har saiwa. Bado da kacalar da ta addabi fadamun Haɗeja da Nguru ma haka. Ka yanka hannun ganyen bado ka ga ramukan da idonka.

Akwai wani abu a tishun gero da dawa da ke sa su jure zafi?

Akwai. A ganyensu kowace jijiya tana da zoben manyan ƙwayoyi kore kewaye da ita. Masana na kiran tsarin da kalmar Jamusanci kiranz, wato abin da aka naɗa zagaye. Ƙwayoyin waje na kama iskar kabon su tura ta cikin zoben, ta taru da yawa, a can ake haɗa sukari. Saboda haka ba sai sun wangale sitomata ba, ruwa kaɗan suke asara. Ana ce musu tsirran C4, kuma Hatch da Slack ne suka fayyace hanyar a Ostareliya a 1966. Masara da rake suna cikinsu. Shinkafa, alkama da wake ba sa ciki.

Ƙuduji da darɓa, wane tishu suke kai wa hari?

Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ba ya tsirowa sai irinsa ya ji sinadarin da saiwar dawa ko gero ke fitarwa. Sai ya manna, ya huda har zailem, ya haɗa bututunsa da na mai gida. Yakan yi makonni yana tsotsa a ƙarƙashin ƙasa, don haka kafin ka ga furensa ya riga ya yi ɓarna mai yawa. Kauci ma zailem ɗin reshe yake shiga.

Darɓa kuwa fulowem take nema. Bakinta kamar allura ne, tana sokawa har bututun rariya, matsin ciki ya ɗura mata ruwan zaƙi, rarar ta fito ta bayanta, shi ne danƙon da ke kan ganye. Ta wannan hanya take yaɗa cuta. Ita ce ta ɗauki bairas ɗin da ya tsugunar da gyaɗa a arewacin Najeriya a 1975, annobar da ke cikin dalilan da suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa a Kano, tare da fari da komawar hankali kan man fetur.

Farin ruwan tumfafiya daga fulowem yake?

A'a. Wasu bututu ne daban, latisifa, masu ajiye wannan nonon don kare tsiro daga masu ci. Gwanda, rogo da bishiyar roba duk suna da su. Yauƙin kuɓewa kuma daga wasu ƙwayoyin ajiya yake, su ma daban.

Makarantarmu ba ta da madubin ƙara girma. Me zan iya gani da kaina?

Da yawa. Ka yanko alayyafo mai farin kara ka tsoma gindinsa a ruwan da aka sa wa jar kalar abinci, bayan sa'o'i ka yanka karan. Ɗigon da ya yi ja shi ne zailem. In ka gwada da karan wake, za ka ga bai warwatsu ko'ina ba kamar na masara, a zobe yake. Ka ɗiga aidin a kan yankakken dankali, baƙi-baƙin shuɗin da ya fito sitacin farenkima ne. Ka ɗaura farar leda a kan reshe mai ganye da hantsi, kafin azahar ta yi gumi. In tumatir ɗinka ya yi yaushi alhali ƙasa na da laima, ka yanke karan ka rataya bakinsa cikin kofin gilashi mai ruwa. In wani farin abu ya riƙa zubowa kamar hayaƙi, bakteriya ce ta toshe zailem, kuma ƙarin ban ruwa ba zai tashe shi ba.

In kuwa an samu aron madubi ko na kwana ɗaya ne, a fara da albasa. A ɓare siririn tantanin da ke cikin ɓawonta mai nama, a shimfiɗa a gilashi, a ɗiga aidin, a rufe. Ƙwayoyin za su fito a jere kamar tubalan katanga, kowace da cibiyarta.